Kibiya Mai Kunne Ɗaya

Shekara ashirin da shida ina lanƙwasa wa mutane kibiya. Aikina ke nan a sashen kimiyyar sinadarai na jami'a, ko da yake a takardar ɗaukar aiki wani dogon suna aka rubuta, wanda ba a taɓa kirana da shi ba. Ɗalibai Mai Kibiya suke ce mini. Malamai kuwa "mutumin ƙasan bene", domin a can ofishina yake, tsakanin ɗakin ajiyar kwalabe da wani banɗaki da ya daina aiki tun ina da baƙin gashi. Tebur ɗaya ne, da kwamfuta, da firinta mai cin takarda duk ranar da ta tashi da rigima.

Ga yadda aikin yake. Malami zai sauko da zanensa a bayan ambulan ko a gefen tsohuwar takardar jarrabawa: zobba masu kusurwa shida, haruffa, sandunan da ke haɗa su, sai lanƙwasassun kibiyoyi suna tashi daga nan su faɗa can. Ni kuma in zauna da manhajar zane in mayar da wannan jagwalgwalo abin da za a iya bugawa a littafi. Zobba da sanduna ba su da wuya, akwai maɓallin da in ka danna, manhajar ta daidaita su da kanta. Kibiya ce ba ta jin maɓalli, sai hannu. Ka taɓa ta da linzamin kwamfuta, wasu 'yan ɗigo su fito a jikinta, ka ja wannan ka sassauta wancan har bayanta ya yi kwana mai daɗi. Gindinta ya zauna daidai tsakiyar sanda. Kanta ya tsaya dab da harafi, kada ya taɓa shi, kada ya yi masa nisa. Kada ta hau kan 'yar'uwarta, kada ta yi ƙusumbi. Duk kibiyoyin shafi kaurinsu ɗaya, girman kansu ɗaya, kunnuwa biyu a baje daidai wa daida. A wannan dai na fi kowa a ginin nan, kuma ban nemi a yi mini kara ba.

Farfesa, babban malamin sashen, yana da littattafai uku, kuma duk kibiyar da ke cikinsu daga hannuna ta fito. Bai taɓa zama a kujerar baƙi ta ofishina ba. Daga bakin ƙofa yake miƙo takarda, kamar mai gudun ɗaukar mura, ya ce, "Zuwa jibi." In ya dawo ya karɓa, ya ɗaga shafin sama ya kalla, ya ce, "Hannunka akwai albarka," ya hau benensa. Ni kuma, sakarai, in yi ta washe baki har a tashi daga aiki.

To, sai ga Auta.

Auta ita ce ƙaramar 'yata, ita kaɗai ta bi karatu har ƙarshe. A ƙarƙashin teburin nan nawa ta yi wasan ƙuruciya, da tarkacen takardun da firinta ta tauna ta koyi riƙe fensir. Ta yi digiri na farko a sashen, ta yi na biyu, ta shiga na uku a hannun Farfesa, sai abin ya ƙi ƙarewa. Yau sinadari bai iso ba, gobe na'ura ta lalace, jibi Farfesa ya yi tafiya da babi biyu a jakarsa ya manta da su wata takwas. Ga aure, ga goyo. Shekara bakwai. Daga ƙarshe wasiƙa ta zo daga makarantar manyan digiri, cewa wa'adinta zai cika ƙarshen zangon nan: ko ta kare kundinta ta wuce, ko a share sunanta. Mai jarrabawar da ake ɗaukowa daga wata jami'a kuwa sau ɗaya yake zuwa a shekara. Dama ɗaya ce ke nan, babu ta biyu.

Abin da yake ci mini rai duk tsawon shekarun nan shi ne, Auta ba ta taɓa kawo mini zanenta ba. Kowane ɗalibi yana kawowa, har wanda ba ya gaishe ni a hanya. Ita kuwa sai ta zauna da ƙaramar kwamfutarta tana fama ita kaɗai. In na yi magana ta ce, "Baba, ka huta mana, aikin mutane ya ishe ka." Na ji haushi, ban ɓoye wa uwarta ba. Na ce ina amfanin a ce ubanka ne gwanin abu, kai kuma kana yawo da karkatattun kibiyoyi. Uwar ta ce in ƙyale yarinya, ita ta san abin da take yi.

Ranar da za a miƙa kundin, ɗanta ya tashi da zazzaɓi. Ta shigo ofishina da safe, yaron a kafaɗa, idanunta sun yi zuru-zuru, ta ajiye mini filash a tebur.

"Kwafi biyar, Baba. A ɗaure a kai ofishin sashe kafin ƙarfe huɗu. Ga takardar da na sa wa hannu, a saka a gaba. Bugawa kawai, don Allah kada ka taɓa komai."

Na ce, "An gama, Dakta."

Ta ce, "Ban zama ba tukuna," ta fita da sauri.

Da niyyar bugawa na buɗe, Allah ya sani. Amma mutum ba zai tura shafi ɗari biyu firinta bai duba ko wani zane ya zame ba. Babi na ɗaya lafiya, na biyu da na uku ba laifi. Ina shiga na huɗu na ji kamar an watsa mini yaji a ido. Kibiyoyi birjik, wata ta miƙe kamar sandar makaho, wata ta naɗe, wata kanta ya shige cikin harafi. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya tayar mini da hankali, da yawansu kunne ɗaya gare su. Rabin kai, kamar ƙugiyar kamun kifi. Na ƙirga su, arba'in da uku.

Na san irin wannan kibiyar. Tana nan a akwatin kayan manhajar, maƙwabciyar cikakkiyar ce, hannu kan zame ya ɗauko ta, kuma in ka ɗauko ta ba za ta sake ka ba sai ka lura. Na sha ganinta a zanen malamai na bayan ambulan, in ce gaggawa ce ta hana su ƙarasa kan, in ƙarasa musu. Ba wanda ya taɓa dawo mini da takarda ya ce na yi kuskure. Sai na ce a raina, yarinyar nan gajiya ce ta yi mata yawa. Ga wasu da kunne biyu, ga wasu da ɗaya a shafi guda, wane baƙo zai ga wannan bai raina ta ba? A ce 'yar Mai Kibiya ce da wannan?

Na ja kujera. Tun ƙarfe tara nake kai har bayan biyu, ko ruwa ban sha ba. Kowace kibiya na buɗe ta, na gyara mata baya, na zaunar da gindinta, na ba ta kunnenta na biyu. Ban taɓa yi wa Farfesa aiki da irin wannan zuciyar ba. Da na gama na koma shafin farko na babin ina saukowa a hankali, har ƙwalla ta cika mini ido don kyau. Na buga, na ɗaure, na kai da saura minti ashirin. Ban gaya mata ba. Na bar shi sai ranar, in baƙo ya yaba zanen, ta juyo ta kalle ni ta gane.

Sati shida kundin yana hannun masu jarrabawa. Ita ba ta buɗe ko ɗaya daga kwafin ba, me za ta nema a ciki? Nata yana cikin kwamfutarta, daga shi ta shirya abin da za ta haska a allo.

Ranar kare kundi ni ne mai majigi, kamar kullum. Shi ya sa nake cikin ɗakin, ba don ni ubanta ba ne. Aka zauna a ɗakin taro na sama, dogon tebur, kwalaben ruwa, kwafi biyar a jere. Farfesa yana gefe da babbar kujera, shugabar sashe tana tsakiya, wasu malamai biyu, sai Baƙo, mai jarrabawar da aka ɗauko daga wata jami'a. Baƙon nan wani ɗan tsamurmurin tsoho ne mai magana ƙasa-ƙasa, da guntun fensir a hannu. Kwafinsa kuwa duk ya sha 'yan takardu a tsakanin shafuka.

Auta ta tashi ta yi bayani minti talatin ba gargada. Ban fahimci ko kashi ɗaya cikin goma ba, amma na san muryar wanda ya san abinsa. Da aka zo babi na huɗu sai ga masu kunne ɗayan nan a allo, manya-manya, karkatattu. Na sunkuyar da kai. Na ce kash, da ta kawo mini waɗannan ma.

Ta gama. Baƙo ya buɗe kundi a hankali.

"'Yata, aikinki ya burge ni. Tambaya ɗaya ce ta hana ni sakat. Kibiyarki kunne nawa gare ta?"

Auta ta ce, "Ɗaya, ranka ya daɗe, a duk inda sandar ta rabe biyu."

"Me ya sa?"

"Domin mai kunne biyu tana nufin ilektaron biyu sun tashi tare. Mai kunne ɗaya tana nufin ɗaya ne ya tafi shi kaɗai. Abin da na gano shi ne, a wannan haɗin ɗaya-ɗaya suke tafiya, ba biyu-biyu ba kamar yadda aka ɗauka tun da. Duk kundin a kan haka ya tsaya."

Ni ina zaune bayan majigi, iskarsa mai zafi tana bugun hannuna, amma sai na ji sanyi ya taso mini daga tafin ƙafa. Jimla huɗu. Abin da ake buƙata a gaya mini ke nan, jimla huɗu, a cikin shekara ashirin da shida.

Baƙo ya gyaɗa kai. "Madalla. A bakinki ɗaya, a allo ɗaya. Buɗe shafi na tamanin da takwas."

Ta ɗauki kwafi ɗaya daga kan teburin ta buɗe. Na ga yatsanta ya tsaya. Ta juya shafi, ta sake juyawa, ta ƙara. Ba ta buƙatar kowa ya gaya mata hannun wa ne, tun tana 'yar ƙarama take ganin irin wannan kwanar. Ba ta waiwayo ta kalle ni ba, sai dai wuyanta da ya ƙage.

Baƙo ya ce, "Sau arba'in da uku. Rubutun yana cewa ɗaya, zanen yana ƙaryata shi. Kuma zane ne mai kyau, na daɗe ban ga irinsa ba, an zauna masa. Wanda ya yi shi bai san abin da babin yake faɗa ba. To ni abin da nake so in sani, ke kika rubuta babin, ko ke kika yi zanen?"

Farfesa ya shiga gyara gilashinsa. Shi da ya kamata ya karanta kwafin nan tun sati shida, ga shi yana leƙen shafin kamar yau ya fara ganin takarda. Ɗaya daga cikin malaman ya yi wani ɗan murmushi da ban manta ba.

Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Ranka ya daɗe, ni ne."

Kowa ya juyo. Ina jin wasunsu sai a lokacin suka tuna akwai mutum a bayan majigin.

"Ni na gyara su. Ita daidai ta zana, kunne ɗaya-ɗaya. Ta ba ni in buga, na ɗauka kuskure ne, na cike su. Ba ta sani ba. Laifina ne, a yi mini duk abin da za a yi."

Na faɗa ina jin wani sauƙi a ƙirjina, a ganina na cece ta. Baƙo ya ajiye fensirinsa.

"Kai ne wa, Malam?"

"Mahaifinta ne, ranka ya daɗe. A nan nake aiki."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya koma shafin farko, wanda ta sa wa hannu, ya karanta shi a fili: cewa duk abin da ke cikin kundin nan aikinta ne ita kaɗai, ba hannun kowa. Ya rufe.

Ya ce wa shugabar sashe, "In kuskuren zane ne na ɗaliba, zan gwada ta a allo, in ta iya in ba ta gyara. In kuwa wani ma'aikacin sashe, kuma mahaifinta, ya shiga cikin kundin ya canza abin da ke ciki, to ba hurumina ba ne. Dole in dakatar da zaman nan in rubuta wa kwamitin ladabtarwa. Ba ni da zaɓi."

Shugabar ta ce a hankali, "Kwamitin ba zai zauna ba sai zango mai zuwa."

Kowa kuwa ya san wa'adin Auta saura kwana goma sha tara. A nan na gane abin da na yi. Na ɓata mata zane da safe ɗaya, yau kuma na zo da bakina in ƙarasa ta.

Sai Auta ta yi magana. Muryarta ba ta rawa, kuma har lokacin ba ta kalle ni ba.

"Ranka ya daɗe, a yi masa uzuri. Uba ne, ya ga 'yarsa a tsaka mai wuya yana so ya rufa mata asiri. Ni na zana su. Tsohon fayil na ba shi bisa kuskure, na kafin in gyara, ɗana ba shi da lafiya ranar. Mahaifina bai iya manhajar nan ba. Majigi yake kunnawa, takarda yake bugawa. Bai taɓa zana kibiya ba a rayuwarsa."

Baƙo ya juya wajen Farfesa. "Haka ne?"

Farfesa har ya samu murya. "Ƙwarai kuwa. Mu a sashen nan kowa shi yake zana abinsa, ƙa'idarmu ke nan. Wannan bawan Allah firinta yake kula da ita. Mutumin kirki ne, amma ka san iyaye."

Malaman nan biyu suka gyaɗa kai. Ɗaya daga cikinsu, zanensa goma sha ɗaya suna cikin aljihun teburina a lokacin, yana jiransu zuwa Litinin.

Baƙon ba wawa ba ne. Na ga idonsa, ya san gaskiya sarai. Ƙofa yake nema ya bi ya fita da yarinyar, kuma ni nake tsaye a bakin ƙofar.

Ya ce, "Malam, kai zan tambaya, kuma abin da ka faɗa shi zan rubuta. Ka iya zana waɗannan, ko ba ka iya ba?"

Na kalli kundin da ke buɗe a gabansa, shafi na tamanin da takwas. Daga inda nake tsaye ina hango su, kowace ta zauna a mazauninta. Aiki mafi kyau da na taɓa yi ke nan. Na kalli ƙeyar 'yata.

Na ce, "Ban iya ba, ranka ya daɗe."

"Ba kai ka taɓa su ba?"

"Ba ni ba ne. Tsoro ne ya sa na faɗa."

Ya ce, "To zauna, Baba. Allah ya bar zumunci."

Wani ya yi 'yar dariya, irin ta an sauke nauyi. Na zauna. Baƙo ya miƙa wa Auta alli ya ce a kashe majigi, na kashe. Kusan awa guda tana gaban allo, yana jefa mata tambaya tana zanawa, yana canza mata sinadari tana sake zanawa, alli ya ɓata mata hannun riga har gwiwar hannu. Kibiyoyinta karkatattu ne kamar kullum, kuma ba ta kuskure ko ɗaya ba.

Aka ce mu fita su yi shawara. Auta ta wuce can ƙarshen baranda ta tsaya ta ba ni baya. Ni na jingina da bango kusa da ƙofa. Minti goma sha biyar aka kira ta. Ta ci, da sharaɗin ta gyara zanen babi na huɗu cikin sati biyu, kuma Baƙo da kansa zai duba kwafin ƙarshe kafin ya sa hannu.

Ina naɗe wayar majigi Farfesa ya matso kusa da ni, karo na farko da ya taɓa matsowa har na ji ƙamshin turarensa.

Ya ce ƙasa-ƙasa, "Kai, yau ka kusa kashe mu gaba ɗaya. Mutum ya riƙa sanin matsayinsa." Ya ɗan yi gaba, ya dawo. "Af, akwai zane goma sha biyu na sabon littafin. Gobe zan sauko da su."

Na ce, "To, ranka ya daɗe." Abin da na ce ke nan, kuma har yau ina jin haushin bakina.

Da na koma ƙasan bene na jawo littafinsa na biyu daga kan kanta, wanda ɗalibai suke haddacewa shekara goma sha huɗu. Na tuna wani babi da ya kawo mini a bayan kalanda, duk da rabin kai, na cike masa su tas. Na buɗe, ga su nan, kunne biyu-biyu, an sake buga littafin har sau huɗu. Ko bai duba ba, ko ya duba bai gani ba. Na yi dariya ni kaɗai, dariyar da ba daɗi. Da a ce sau ɗaya wani a ginin nan ya zauna a kujerar baƙin nan ya ce, Malam, ka san me wannan abin da kake lanƙwasawa yake nufi? Amma wa zai tsaya yi wa hannu bayani. Ni ma kuma ban tambaya ba, wannan nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba.

Kwana huɗu Auta ba ta zo gida ba, ba ta kira ba. Uwarta ta yi ta yi mini faɗa har ta gaji ta koma ba ni haƙuri. Ranar ta biyar da la'asar sai ga ta da yaron da jakar kwamfuta. Ta gaishe ni a tsaye, ta miƙa wa uwar jikan, ta zauna a teburin falo ta buɗe kwamfutar. Gyaran ma ba gyara ba ne, nata fayil ɗin daidai yake tun asali, bugawa kawai ya rage.

Ta ce, "Baba, zo ka ga wani abu."

Na zo na tsaya a bayanta. Na fara cewa, "Auta, ni fa ban..."

"Na sani. Ni ma na faɗi abin da har in mutu ba zan daina jin kunyarsa ba. Bar shi. Karanta wannan."

Shafin godiya ne. Ta ce ba a saka shi a kwafin jarrabawa, sai a na ƙarshe, mai baƙin bango, wanda za a ajiye a ɗakin karatu. Ta ce ta rubuta shi tun shekara biyu da suka wuce. Na laluba aljihu na sa tabarau. Akwai godiya ga Allah, akwai ga Farfesa, layi biyu a bushe. Sai sakin layi na uku:

"Ga mahaifina, wanda ya shekara sama da ashirin a ƙasan bene yana zana wa sashen nan duk abin da yake alfahari da shi, ba a taɓa rubuta sunansa a ko'ina ba. Ban kai masa zanena ba don ina so ya samu kundi ɗaya da ba a sa shi aiki a ciki ba, sai dai a gode masa. Ga sunanka nan, Baba."

A ƙasa kuma ga sunana, cikakke, har da na mahaifina.

Na karanta, na sake karantawa.

Ta ce, "Baƙon zai duba kwafin nan shafi-shafi. Ya rubuta a rahotonsa cewa ba ka iya zane ba, kai ka faɗa, ni na faɗa, Farfesa ya faɗa. In ya ga wannan, dole ya koma kan maganar."

Na ce, "A bar sunan kawai mana. A cire zancen zane."

"In ce me? Na gode wa mahaifina mai kula da firinta?" Ta share ido da bayan hannu. "Ba zan rubuta wannan ba. Na faɗe shi sau ɗaya, ya isa."

Uwarta tana bakin ƙofar kicin da yaron a hannu.

Auta ta ce, "So nake ka gani da idonka kafin in cire. Ka gama?"

Ban gama ba. Na ce mata na gama.

Ta ja linzami a kan sakin layin daga farko har sunan mahaifina, duk ya yi shuɗi. Ta ɗan tsaya, sannan ta danna. Godiyar da ta yi wa ma'aikatan ɗakin karatu ta hau sama ta cike wurin, shafin ya zauna daidai, ba mai cewa an taɓa rubuta wani abu a nan.